Muryar Baba Ta Ɓace a Laftof

Jama'a, yau na rasa Baba karo na biyu!

Da safe na kunna laftof a gidanmu na Nima. Sai ta ce akwai kuskure a cikinta, za ta gyara. Na yarda. Da ta gama, na buɗe hirar da na ɗauka da Baba kafin ya rasu, awa uku yana ba ni labarin tasowarsa daga Tawa zuwa Accra. Wallahi sai kiɗan bikin ƙawata ya tashi! Sunan Baba a jiki, ciki kuwa kiɗa!

Na hau trotro sai Circle, wajen mai gyara. Ya duba, ya girgiza kai.

"Sista, na'urar ce ta rikice, ta rubuta wannan a kan wancan. Kin ajiye kwafi a wani wuri?"

Na ce a'a.

"To, ya tafi."

Ya tafi! Haka kawai!

Ina shigowa gida Mama ta ce, "Zainabu, kunna mini babanki in ji, yau ya faɗo mini a rai."

Na ce mata babu caji. Ta ce ba komai, za ta jira. Har yanzu tana zaune a tsakar gida.