Kwalaben da na ɗaure a ƙugu

Ranar Talata ce. Na tashi na dama koko, na yayyafa wa yashin gindin randa ruwa. A nan nake binne kwalaben allurar Malam, maigidana, don an ce kada su ji zafi, mu kuwa ina muka ga firji a ƙauyenmu na bayan Randagi?

Kaluluwa ce ta fito masa a wuya, ba zafi, sai rama da zufa. A Zariya aka yanki tsokar aka gwada, likita ya ce limfoma ce, wato ciwon daji na kaluluwa. Ya ce a yi masa kimo, wato allurar ciwon dajin, sau shida, duk bayan sati uku. Ya yi uku, gashi ya zube, kumburin ya sace. Washegari za mu koma.

Ƙarfe bakwai da rabi muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi ta bakin kasuwa, 'yan bindiga na ihu.

"Ku fito! Kowa ya kwanta!"

Na tona yashin da hannu. Na ƙulle kwalaben a tsumma, na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zani, inda mace ke ɓoye abin da ba ta son rasawa. Na ja Malam ta dangar baya.

Ƙarfe tara muna cikin dawa. Taku kaɗan sai ya zauna. Na goya shi, wallahi bai fi buhun dusa nauyi ba. Da azahar hayaƙin garinmu ya tashi. Likita ya hana shi ruwan da ba a tafasa ba, amma na rafi muka samu, shi ya sha.

Kwana biyu muna tafe kafin mu kai titi, washegari muka samu mota. Ina taɓa ƙuguna, ina jin daɗi kwalaben na nan.

Ranar Juma'a muka isa asibiti, jikinsa kamar garwashi. Aka ɗebi jini, aka ce fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, ba zai ɗauki kimo ba. Na kwance tsumman na miƙa wa nas. Ta taɓa, ta dube ni.

"Baba, a jikinki kika riƙe su?"

Zafin jikina ne ya lalata su. Har yau abin na cin raina.

Zazzaɓin bai sake shi ba. Kwanansa goma sha ɗaya a gadon.

Mutum tara aka binne a garinmu, haka kowa ke faɗa. Malam ba ya cikin lissafin, tunda ba harsashi a jikinsa. Ni goma nake ƙirgawa.