Abin da Take Sawa a Shayi

Wata bakwai bayan rasuwar maiɗakina, ban sha shayi mai daɗi ba ko sau ɗaya. Ba wai na daina dafawa ba ne. Kullum sai na dafa, safe da yamma, a butarta, a kan kurfotinta, da irin ganyen da take saya. In daka citta, in jefa kanumfari uku, in ƙara 'yar girfa, in zauna in jira. Da na kurɓa sai in ji ruwan zafi mai ƙamshi kawai. Akwai abin da babu a ciki, na kuwa rasa ko mene ne.

Abin haushin shi ne, ni ne fa aka sani da harshe. A majalisarmu ta shayi, gindin mangwaro a bayan makarantar da na yi ritaya, shekara da shekaru ana miƙo mini kofi a ce, "Malam, faɗa mana." In kurɓa, in rufe ido, in jero musu: masoro, kimba, na'a-na'a, ɓawon lemo. Ran Juma'a kuwa a zaurena ake zama, ita ke aiko da fulas daga ciki. Nan ma sai na yi musu burga, in ce ko ƙwayar abu ɗaya aka jefa a buta, harshena zai kama ta. Sau da yawa in na faɗi haka nakan jiyo dariyarta daga tsakar gida. Na ɗauka daɗi take ji mijinta gwani ne.

Da ta tafi sai na janye jikina daga majalisar. Yara kowa ya koma inda yake, ɗaya Abuja, ɗaya Jos, sai waya. Gidan ya yi mini girma. Har rediyo nake kunnawa ba don in saurara ba, don dai a ji motsin mutum.

Mu uku muka rage a majalisar: ni, da Alhaji dillalin doya, da wani tela abokina tun muna samari. Wata Asabar bayan la'asar sai ga su a ƙofar gida cikin keke napep, telan yana ƙwala mini kira.

"Malam, sa hularka. An buɗe shagon shayi a hanyar Jos, ba irin na burodi da ƙwai ba. Kala arba'in, in ji su."

"Ku je ku ba ni labari."

"Wallahi ba inda za mu sai da kai," in ji Alhaji. "Wa zai gaya mana in an cuce mu?"

Sun san inda za su taɓa ni. Na ɗauko hula ina mita.

Shagon ɗan ƙarami ne, amma tsaf. Kwalabe jere a bango har sama, kowace da takarda a jiki. Ga koren ganye, ga baƙi, ga wani an murɗe shi ƙulu-ƙulu kamar kashin awaki. Mai shagon yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta gaishe mu har da rusunawa, ta zaunar da mu, ta jero 'yan kofuna waɗanda ko kurɓa uku ba za su yi ba. Ruwan ma ba ta bari ya tafasa sosai, kuma in ta zuba ganye sai ta danna agogo a waya. Na ce a raina, yau mun shiga uku, shayi har da alƙalin wasa.

Amma gaskiya ta iya. Ta ba mu na Mambila, ta ba mu wani na ƙasar Sin mai ƙamshin fure, ta ba mu haɗinta na kanta. Kowane kofi sai abokaina su juyo su zuba mini ido, ni kuma in jero abin da ke ciki. Yarinyar ta riƙe baki.

"Kai, Baba! Ka taɓa aikin shayi ne?"

Alhaji yana ta washe baki kamar shi ya haife ni. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu, ana dariya ana tafawa, amma ji nake kamar ta taga nake leƙensu. Abin da ke raina ɗaya ne: in an tashi, kowa akwai wadda zai koma ya ba labarin kashin awakin nan, ban da ni.

Telan ne ya tona ni. Bakinsa ba ya riƙe magana, tun muna samari haka yake.

"'Yata, ki taimaki malamin nan. Shayin marigayiya matarsa yake nema, ya kasa haɗawa."

Raina ya ɓaci sosai. Na harare shi, ya kau da kai yana gyara hula. Yarinyar ta yi mini ta'aziyya, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, yaya yake a baki?"

Ban yi niyyar amsawa ba, sai na ji bakina yana magana. Na ce ɗacinsa ba ya cizo. Na ce siga kaɗan take sawa amma zaƙin yana fitowa sosai, kuma in ka haɗiye, ɗanɗanon yana zama a baki, ba ya gudu.

Ta gwada da zuma. Ba shi ba ne. Ta gwada da busasshen lemon tsami, ta gwada da wata ciyawa mai ƙamshin lemo da ake kawo mata daga Agyaragu. Duk na girgiza kai. Na fara laluben takalmina, na ce ta bar wahalar da kanta.

"Tsaya, Baba. Mama ɗan wane gari ne?" Hausarta irin ta Lafiya ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Keana."

Ta tashi ta shiga ciki. Da ta dawo, baƙin shayi ne kawai a kofin, da citta da kanumfari, irin wanda nake dafawa kullum. Na kurɓa don kar in ba ta kunya.

Shi ne. Wallahi shi ne. Sai da na dafa tebur.

"Me kika sa?"

Ta buɗe tafin hannunta. Ɗan ƙullin leda ne, da gishiri a ciki, mai ɗan duhu, irin wanda matan Keana ke dafawa a tukunya.

"Kakata daga can yake. Komai sai ya sa masa kaɗan, har shayi. Wai yana kwantar da ɗaci."

Alhaji ya fashe da dariya har da buga cinya. "Gishiri! Malam mai harshe! Shekara nawa kana..." Sai ya kalli fuskata, ya haɗiye sauran.

Satinmu na farko da aure ne ya faɗo mini. Ina sabon malami, ina ji da takardata. Na shigo tsakar gida na tarar tana barbaɗa gishiri a buta. Na ce, "Miya kike dafawa? Wannan ƙauyancin ki bar shi a Keana." Ta ce, "To, Malam." Ban sake gani ba. Shekara talatin da huɗu ina sha, ina yabawa, ina cika baki a zaure, tana jin mu tana dariya.

Muka hau keke muka kamo hanyar gida. Telan ya tura mini ƙullin ledar a aljihu, ya ce yarinyar ce ta ba da.

Ina shiga gida na wuce kicin. Bayan sadakar arba'in, da nake gyara kwandon kayan shayinta, na ga wani ɗan gwangwani can ƙasa, an naɗe shi da tsumma. Na buɗe na ga gishiri, na yi tsaki na ce me ya kawo wannan nan, na juye shi cikin na miya. Gwangwanin kuma na zuba ƙusoshi a ciki. Na ɗauko shi daga kan taga, na zazzage ƙusoshin a ƙasa, na shafa yatsa a ciki na lasa. Tsatsa ce kawai.

Na hura gawayi, na ɗora butarta. Citta, kanumfari uku, 'yar girfa, sannan na ɗebo gishirin yarinyar da yatsu biyu na barbaɗa. Na zauna a kan kujerar tsugunonta na sha tun kafin ya huce. Ya yi daidai, babu abin da ya rage.

Na juya wajen ƙofar ɗakinta, na ɗaga murya yadda nakan yi in ina son ta ji.

"Na kama ki. Gishiri ne."

Na jira dariyar har shayin ya yi sanyi a hannuna.