Rediyon Kakana a Ɗakin Siminti

Ranar da babban ɗana ya kafa mini sababbin lasifika a falon nan mai tayil, ya kunna karatu, sai na ji muryar ta yi tsini tana sukan kunne. Nan take na tuna da kakana na Kebbe.

Malami ne. Zamanin Jihar Arewa idonsa ya fara dushewa, littattafai suka gagare shi, sai babana, da ke aiki a En'e ta Tambuwal, ya kawo masa rediyo mai ƙaton batir. Ɗakinsa na ƙasa ne, rufin azara, ga daɓe, ga tabarmi, ga buzu, ga riguna rataye a bango. A cikinsa murya takan fito da laushi, ka ce mai karatun yana zaune kan tabarma tare da mu. Da azumi, bayan shan ruwa, mukan kewaye shi da koko da ƙosai, shi kuwa yana gyaɗa kai, leɓensa na bin ayoyin.

Sai babana ya so ya fita kunyar mahaifinsa. Ya gina masa ɗakin siminti mai rufin kwano, aka shafe shi da farar ƙasa, mutane har daga Dogon Daji suna zuwa kallo. Aka kai tsoho ciki da rediyonsa. Abin da ba mu sani ba, bangon siminti ba ya shan murya, mayar da ita yake yi. Rediyo ya koma ƙara da amsa-kuwwa, kalmomi na hawa kan juna, kunnen tsoho kuwa ya kasa rarrabe su.

Ya yi dabararsa. Ya lalubo tsofaffin tabarmi ya jingina a bango, ya rataye buzu bayan rediyon, ya lulluɓe fuskar rediyon da rawani. Abin ya ɗan yi sauƙi. Amma duk ranar da babana zai zo, matan gida sukan sa mu kwashe su, wai kar a ga tsummoki a ɗakin alfarma.

To, babana ɗan fari ne. Kakana ko sunansa ba ya kamawa, balle ya dube shi ya ce ɗakin da ka gina mini bai yi ba. Ni ce jikarsa, amaryarsa ta wasa, ni kaɗai ce hanyar da ta rage masa. Wata rana ya kama hannuna, ya nuna rediyon ya ce, “Amarya, kishiyarki ta koyi tsiwa cikin ɗakin ga, ba ni jin mi taka cewa. Gaya ma tsohonki ni ka son ɗakina na da.”

Na ƙyalƙyale da dariya na ce, “Kurma dai ka zama, angona, ni na sake ka.”

Shi ma ya yi dariya. Tsakanin kaka da jika ai komai wasa ne, ban taɓa kai saƙon ba. Ya maimaita, na sake tsokanarsa. Azumin wannan shekarar ya daina kunna rediyon, yakan zauna shiru da carbi, muka ce tsufa ne. Kafin wani azumin ya rasu. Wallahi har yau abin yana cina, don magana ɗaya tawa da ta maido masa da karatunsa.

Yanzu ga ni, kunnena ya yi nauyi, ɗan da ya kashe kuɗi ya yi mini falon kuma ɗan fari ne. Jiya na kira jikana na ce, “Mai gida, lasifikan ga sun cika tsiwa, gaya ma tsohonka a shimfiɗa min darduma, a sa labule.”

Ya yi dariya ya ce, “Kurma dai kika zama, tsohuwa.” Ya ruga waje.