Yadda Na Bar Muryar Yayata a Kasuwar Yankara

Mun tashi da asuba daga Ƙanƙara, ni da maƙwabcina wanda muke sahu ɗaya a masallaci tun muna samari. Ku da kuka san hanyarmu kun san tashin asubar nan daga gida ne zuwa tasha kawai. Babu direban da zai hau titin Sheme sai rana ta ɗaga, an ga motocin farko sun iso daga can lafiya. Muka zauna a bencin mai shayi muna jira. Burodin da a da mutum biyu ke rabawa su ƙoshi yanzu bai fi tafin hannu ba, kuɗinsa kuwa ya yi gaba abinsa.

Sabuwa muka nufa, wajen yayata da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka girme ni, kuma an aiko mini cewa jikin ya yi nauyi, ba ta cika magana ba. Ita ce ta san asalin gidanmu: inda kakanninmu suka taso, wa ya haifi wa, wace ce aka aurar ina, da abin da ya sa wani ɓangare namu ya koma Faskari. Jikokina sun sha tambayata, ni kuwa sai kame-kame. Shi ya sa 'yata ta nuna mini inda zan danna a wayar da yayanta ya saya mini. Ta ce in ajiye ta kusa da bakin Yaya, za ta ɗauke duk abin da aka faɗa. Maƙwabcin nawa kuma yana son ganin yadda waken suya ke tafiya a kasuwar Yankara, don haka muka yi da shi a dawowa za mu biya ta can.

Hanya ta yi kyau da ido. Wajen Ruwan Godiya an fara karyar masara, dawa ta fitar da kai tana rangaji. Jefi-jefi kuma sai ka ga gona babba ciyawa ta cinye ta, ba a taɓa ta ba bana. In mun zo irin wannan kowa a motar ya san dalili: 'yan bindigar daji ne suka hana masu ita zuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan faifan sola. Ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba, ga rumfar caji a bakin titi, wayoyi jere a kan tebur kamar ana shanyar kifi.

Rediyon motar ne ya jawo gardama. Aka kawo labarin cewa Turawa na shirin sake tura mutane duniyar wata, har suna hangen wata duniyar da ta fi ta nisa. Maƙwabcina ya yi tsaki.

"Ƙarya ce tsagwaronta. Watan da muke leƙe mu ɗauki azumi, shi wani ƙato zai taka da takalmi?"

Ni kuwa tun ina saurayi na ji labarin 'yan sama jannati a rediyo, na kuma yarda. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma a motar nan na zama malami. Na yi ta bayanin kumbo da roka da tauraron ɗan'adam, wanda na sani da wanda na ƙara gishiri. Wata baiwar Allah da ke bayanmu riƙe da kaji ta ce, "Alhaji, Allah ya kai su lafiya. In sun sauko dai su biyo ta garinmu, mu sai mun hau tudu muke samun sabis." Aka kwashe da dariya. Direban ne ya kashe dariyar. Ya ce shi an gaya masa tauraron nan yana iya ganin mota daga sama, to me ya hana shi ganin abin da ke cikin dajin nan? Ya nuna yamma da haɓa. Ni malamin sai na mai da ido kan titi.

Ni dai ra'ayina har yanzu, ban ga laifi don mutum ya leƙa sama ba. Wanda ya halicci watan shi ya ba ɗan'adam basirar ƙera ƙarfen. Sai dai ina mamakin mutum ya kwashi dukiya ya nufi inda babu ruwa, babu ciyawa, babu ko wanda zai ce masa sannu da zuwa.

A Tafoki muka tsaya direba ya duba taya, muka sha fura da nono mai kauri. Da canji ya gagara, mai nonon ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar ƙaramar waya, ta ce a tura mata ta nan. Maƙwabcina ya dube ni ya ce to wannan ya gani da idonsa, ya yarda, saura watan. A Funtuwa muka sauya mota, muka bi ta Dandume. Daga nan zuwa Sabuwa kuwa sai da kowace gaɓa a jikina ta gaya mini shekaruna.

Na tarar da Yaya a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, an jingina ta da matashi. Ta rame ƙwarai, amma idon yana nan da kaifinsa. Ta daɗe tana kallona, ni da furfurata, sannan ta ce, "Auta, ashe kana da ƙafa? Na zaci ka koma murya."

Gaskiya ta faɗa. Kafin waya ta shigo hannunmu, kaka ba ta wucewa ban je Sabuwa da ɗan buhuna ba. Da waya ta zo sai na mai da zumunci kira: ina wuni, ya jiki, a gaida yara, shi ke nan na sauke nauyi. Ina fakewa da rashin tsaron hanya, alhali hanyar ba ta hana ni zuwa kasuwa ba. 'Yarta, wadda ke jinyarta, ta kawo mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya da man shanu. Na ci ina jin kunya.

Washegari da hantsi na ce mata ga abin da ya kawo ni. Ta harari wayar ta ce, "Ka ce mishi ya matso, ba ni ɗaga murya." Na danna inda aka nuna mini, na ajiye a kan matashinta. Sai ta fara, a hankali, kamar mai warware zare. Ta faro daga kakan mahaifinmu da shanunsa, tana tafe tana tsayawa ta huta.

Ni fa? Idona na kan wayar. Ina duba ko caji zai isa, ina duba ko lambobin nan na ci gaba da gudu. Na tashi na kori kaji. Na leƙa na tsawata wa masu daka a maƙwabta. Da aka yi sallama a zaure cewa dattawan unguwa sun zo gaishe ni, na bar wayar wajenta na fita, na ce ai tana ɗauka. Muka baje hira ta taki da tsadar man fetur. Ina daga zauren na jiyo ta sama-sama tana rera waƙar da mahaifiyarmu ke yi in tana niƙa. Na ce a raina ba komai, in na koma gida zan saurara a natse. Da na dawo ciki ta riga ta yi barci. 'Yarta, wadda ta yi ta kai da kawo tsakanin murhu da rijiya, ta ce rabon da Yaya ta yi doguwar magana haka har ta manta. Na kunna farkon na ji muryar ta fito tar. Na sa wayar a aljihu ina ji kamar na yi sabon rumbu na cika shi.

A dawowa muka wuce Sheme muka miƙe Yankara, ranar kasuwa. Buhunan masara da waken suya sun yi tsibi, manyan motoci na lodi, ga ƙaurin tsire, ga masu rake. Maƙwabcina ya gama zagayensa yana ƙorafin cewa mai noma ne kullum a ƙasa. Muka ratsa ta layin masu waya, inda kowace rumfa ke da lasifikarta, wannan wa'azi, wancan kiɗa, ba ka jin na kowa. A nan muka tsaya gaban wani mai turi, irin waɗanda ke zuba wa mutane karatu da finafinai a waya daga kwamfuta. Maƙwabcina ya taɓa ni ya ce, "To malamin wata, ga masu komai da ruwanka. Tambaye shi ko yana da hoton mutanen naka."

Aka yi rashin sa'a yana da shi. Har da na wata roka da ke tashi ta dawo ta sauka a kan gindinta. Na miƙa masa wayar da sauri. Ya jona, ya duba, ya ce, "Baba Alhaji, memorinka ya cika fal. Sai an share na ciki. Akwai abin da kake so a ciki?"

A sanina, memori wurin waƙoƙi ne da wasannin da jikoki suka cika mini waya da su. Muryar Yaya kuwa na ɗauka tana can cikin jikin wayar, kamar yadda lambobin mutane ke zaune a sim. Wani abu ya ɗan taɓa ni a zuciya cewa in tambaya. Amma ga maƙwabcina tsaye a kaina yana murmushi, ni da na yi ta koyar da mota guda ilimin sararin samaniya. Mai turin ya sake cewa, "Baba, ka tabbata?" Na ce share, tarkacen yara ne.

Muka koma inuwa muka kalla. Ga mutane cikin fararen kaya suna tsalle a hankali. Maƙwabcina ya ƙura ido har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan ai fadama ce da rani. Ko a bayan Ƙanƙara sai a yi shi." Ko gardamar ban ci ba.

Mun iso gida bayan la'asar. Na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na tara jikoki da iyayensu, na ce yau za su ji asalinsu daga bakin mai shi. Na miƙa wa 'yata wayar. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, wa ya taɓa memorin nan?" Tun kafin in gama ba ta labari na ga ta dafe kai. Ashe ita ta saita wayar duk abin da aka ɗauka ya riƙa sauka a memori, don ya fi faɗi.

Da safe muka kai wa wani mai gyara da ke da kwamfuta a cikin gari. Ya ce da sharewa kawai aka yi, da akwai dabara, amma an zuba sabon kaya a kan wurin. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ciro ɗan guntu. Muka kasa kunne. Ƙarar taɓarya ce, sai tarin Yaya, sai muryata ni kaina ina cewa, "Ku yi mana shiru, ana ɗauka!" Iyakarsa ke nan.

Na dawo na zauna a zaure ina ƙoƙarin tuno abin da ta faɗa. Sunayen da suka zo mini waɗanda na riga na sani ne tun da can. Na tuna ta ambaci wata rijiya da wata shekarar fari, amma ban san wa ya haƙa ba, ban san wa farin ya kora ba. Ina gidan aka faɗi komai, ban ji ba.

Na kira Sabuwa. 'Yar Yaya ta ce tun da muka tafi Yaya ta koma shirunta, da hannu take amsa gaisuwa. Ita ma ba ta riƙe komai ba, tana wajen girki. Na ce ta kara mata wayar a kunne. Na gaya mata abin da na yi, ban rage ba. Can ta ce, "To kai mi ka riƙe?" Ina cikin lalube a kaina layin ya yanke.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Ban ga laifin waya ba, abin da aka ba ta ta riƙe, da aka ce ta saki ta saki. Ban ga laifin mai turi ba, ya tambaye ni, ya kuma tambaya. Girman kai ne ya hana ni cewa ban sani ba, a gaban mutumin da ya san ni tun ban da gemu. Ku da kuke da tsoho a gida, ku ɗauki muryarsa, yana da kyau, ku kuma tura wa 'yan'uwa nan take kada ta zauna a wuri ɗaya. Amma ku zauna a gabansa ku ji da kunnenku, masu sallama a zaure su jira.

Na riga na yi magana a tasha a ajiye mana kujeru, ni da 'yata da manyan jikokina. 'Yar Yaya ta ce mu zo, amma kada mu sa rai da yawa. Ku taya ni addu'a Allah ya sa mu same ta da sauran magana a bakinta.