Bandar Kaka da Iskar Goggo

Ƙamshin gishiri da masoro ne ya tashe ni tsaye yau da safe, da na buɗe firij a ɗakinmu na Cheras, a nan ƙasar 'yan Malay. Naman alade ne na gefen ciki, mai layin kitse da layin tsoka, na sayo a kasuwar 'yan Sin na jiƙa shi yadda Kaka ke yi. Ina sunkuyawa na shaƙa, sai ga ni a tsakar gidanmu a kan dutsen Filato, ƙafa ba takalmi.

Ka san a gidanmu alade ɗaya ake kiwo a shekara. Bayan girbin acca a yanka shi, Kaka ta yanyanka, ta murza gishiri da masoro da ɗan zuma, ta jera a kaskon ƙasa ta rufe da ganyen ayaba. Idan gishiri ya ratsa sai banda: rabin durom, raga a kai, totuwar masara a ƙasa tana ci a hankali. Hayaƙin shuɗi ne, siriri, yakan rataya a kan rufin ciyawa kamar ba ya son tafiya. Wannan naman ne miyarmu har damina ta yi nisa.

Amma kafin a hura wuta akwai abin da Kaka ba ta tsallakewa. Takan ɗebi toka da yatsu uku, ta ɗaga sama ta saki. In tokar ta yi wajen rafi, shi ke nan. In ta yi wajen katangar Goggo, maƙwabciyarmu Musulma wadda ta girmi Kaka, to babu wuta ranar. A bayan katangar nan Goggo ke shanya mayafanta da tabarmar sallarta.

Wata shekara iska ta ƙi juyawa. Kullum safiya toka ta nufi gidan Goggo kai tsaye. Babu firij a lokacin, gishiri kuwa yana da iyakarsa. Ƙudaje suka fara zagaya kaskon, ƙamshin ya soma sauyawa. Kawuna ya kasa haƙuri.

"Haba Mama, hayaƙi ne fa kawai! Naman shekara guda zai lalace muna kallo?"

"In ya lalace, nawa ne ya lalace," in ji Kaka, ta mayar da ganyen ayaba.

Ni dai tsoro ya kama ni sosai, don na san miyar da babu nama a cikinta.

Washegari da hantsi sai ga kan Goggo ta saman katanga, ƙunshin kaya a ka. Ta kwashe shanyarta, ta rufe tagoginta. Matar da gwiwa ba ta barin ta zuwa ko kasuwa!

"Ƙanwata, zan haye rafi in dubo 'yata. Sai jibi."

"To Yaya, a gaishe ta."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Goggo, ai 'yarki tana Legas!" Wayyo, mintsinin da na sha a cinya har yau ina jin wurin. Goggo ta yi kamar ba ta ji ba. Ta cillo mana damin busasshen itacen gwaiba ta kan katanga, ta kama sandarta ta gangara tana ɗingishi. A ɗakin wata 'yar uwarta ta kwana biyu a kan tabarma. Tana tafiya Kaka ta hura wuta. Naman ya tsira, kuma ban sake cin banda mai daɗin ta shekarar ba.

Yanzu ga ni a baranda, bene na sama, da ɗan murhun gawayi. Kusa da ni mayafan makcik ne a kan igiya, wato maƙwabciyata Musulma, tsohuwar Malay da ke kawo wa ɗana kayan zaƙi. Ba ni da toka, sai na saki garin fulawa. Ya yi wajenta.

"Mummy, ki kunna kawai lah," in ji yaron, da salon maganar 'yan nan.

Na ce sai gobe, na mayar da naman firij. Ni jira ba ya cin mini komai.

Da yamma na kira Kawu, na tambaye shi ko har yanzu ana sakin toka a gida. Sai ya ba ni labari. Ashe tun da gari ya rabu, kowa ya koma wajen masu addininsa, gidan Goggo ya zama kango.

"Yanzu duk inda iska ta nufa muna hura wuta," in ji shi. "Babu kowa a bayan katangar."