Muryar Da Ta Kira Ni Mama

Ɗana na fari da matarsa ba su da ofis. A ɗakin da ke kusa da nawa, a gidanmu na Ɗan Iya, suke wuni, kowa da na'ura a cinya, suna rubutu a kan wayoyi da kwamfuta. Wani lokaci su kafa waya a kan ƙarfe mai ƙafa uku su yi wa duniya bayani. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan labarin ni ke faɗa, surukata ke bugawa, kuma sai ta karanto mini na ji ba ta gyara mini baki ba.

Tun farko aikin bai kwanta mini ba. Da suka shiga tona asirin masu damfara ta waya, sai barazana ta fara shigowa. Ba sa gaya mini, amma ina ganin tuwo yana dawowa yadda aka kai shi.

Wata rana surukata ta durƙusa ta ce, "Mama, muna so mu ɗaura shafinmu a kan layinki. Duk mai son ƙwace shi sai ya sami wasu lambobi da za su shigo wayarki. Ke ce kwaɗonmu."

Na ce, "Na ƙofa ko na rafi?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, na dai miƙa mata wayar.

Ita ce ke ce mini Mama. Shi kuwa Adda yake kirana, don a hannun kakarsa ya tashi, cikin ƙannena. Ni ma ban taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne. Wannan abu bai taɓa fita ƙofar gida ba.

Ran nan ya tafi taro Jos, ita kuma an ɗauke wuta, ta tafi wani wurin aiki a GRA. Da hantsi ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara. Muryarsa ce. Har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin magana.

"Mama, mun yi haɗari. Wayata ta fashe, ta wani na ara. Akwai lambobi da suka shigo miki yanzu, karanto mini, da su za a karɓe ni a asibiti."

Tiren ya zame daga cinyata. Na yafa mayafi a baibai, na nufi ƙofa don in kai wa maƙwabciyarmu malamar makaranta ta karanta. A zaure ƙafata ta tsaya. Yaushe ya fara ce mini Mama? Yaushe kuma ya manta ban iya karatu ba?

Na ce, "Kira ni yadda ka saba."

"Mama, jini nake zubarwa! Ki yi sauri!"

Zuciyata ta ce, wanda ya bugu a ka ai yana iya manta komai. In shi ne, ina tsaye ina yi masa tambaya ransa yana fita. In ba shi ba ne, da hannuna zan miƙa abin da suka yi shekaru suna ginawa. Na sake cewa, "Kira ni." Ya sake cewa Mama.

Na kashe wayar. Ban taɓa yin abu mai nauyin danna wannan maɓalli ba.

A cikin keke har GRA ina salati, ina ganin gawa a idona. Surukata ta dubi saƙon ta ce, "Su ne, Mama. Muryarsa suka kwaikwaya da na'ura, daga bidiyonmu." Amma da ta kira layinsa, a kashe. Ta kira, ta sake kira. Sai na gane ita ma ba ta da tabbas. Muka zauna a benci, ba mai duban wata. Azahar ta wuce.

Gab da la'asar wayarta ta yi ƙara. Ashe a zauren taron aka sa su kashe wayoyi. Ta ce masa ga ni, ta kara mini a kunne.

"Adda? Lafiya na ga kira haka?"

Ga mutane, ga suruka, ba zan yi kuka ba. Na ce, "Ka ci abinci?"

"Na ci, Adda."

"Sake faɗa."

"Na ci."

"Ba shi ba. Ɗayan."

Sai ya faɗa a hankali.

Da ya dawo, ya ce zai yi rubutu a kan abin da ya faru. Na yarda, amma a lokacin na hana su sa kalmar. Yanzu da na faɗe ta a nan, mun riga mun ajiye wata, mu uku kaɗai. Har yau in ya kira, ba na amsa gaisuwa sai na ji ta.