Duwatsun Murhun Goggo Raudatu

Ɗanmalam mai gyaran fanka ne a Samaru, kuma tun da ya yi wayo bai taɓa kiran ma'aikaci gidansa ba. Shi ya kafa ƙofar ɗakinsa, wadda sai an tokare ta da gwiwa take buɗuwa. Shi ya haɗa wutar gidan, shi ya sa in an kunna ƙwan tsakar gida na banɗaki ke kamawa. Matarsa Zubaidatu, mai tuyar masa a rumfar ƙofar gida, ta daɗe da zuba masa ido.

Shekarar da gas ya yi tsada, ya ji a majalisa cewa wata ƙungiya za ta sa a sassauta harajin rumfa ga masu sayar da abinci da suka koma murhu mai tsimin itace. Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba ya tashi ya tafi ɗebo yumɓu.

Ginin murhun ya yi kyau, ba laifi. Saura bututun fitar da hayaƙi. Ya hau Keke Napep zuwa Sabon Gari, shagon Chukwuka mai kayan famfo.

"Malam, wannan na roba ne, na ruwa," in ji Chukwuka. "Wuta za ta cinye shi."

"Hayaƙi zan sa a ciki, ba wuta ba," in ji Ɗanmalam.

Ranar farko, kafin Zubaidatu ta juya masar farko, bututun ya yi laushi ya sunkuyo a hankali kamar mai gaishe da surukai, ya kwanta a kan tanda. Ɗanmalam ya ce laifin itacen ne. Washegari ya tafi Jushi wurin kanikawa, ya dawo da salansar tsohuwar bas a kafaɗa. Abin mamaki, ita ta yi aiki. Hayaƙi ya bi ta ya fita ta saman rumfa, idon Zubaidatu ya huta da yaji, itacen kwana ɗaya ya kai ta har jibi.

Sai a lokacin ya ji sauran zancen da ya baro a majalisa. Sassaucin na waɗanda suka bar murhun duwatsu uku ne, kuma sai an nuna tsofaffin duwatsun. Zubaidatu kuwa daga gas ta koma itace, ko tsakuwa ba ta da ita.

Ya nufi gidan Goggo Raudatu, tsohuwar da ke ƙarshen layi, wadda ita kaɗai ta rage tana girki a kan duwatsu.

"Goggo, aron duwatsun murhunki na zo."

"Kai ma?" in ji ta. "To, ka maido su kafin la'asar, ina da ɗora tuwo."

Bai tambayi abin da take nufi da "kai ma" ba. Ya lodo su a baro, ya jera su gefen rumfa, har da barbaɗa musu toka.

Jami'in ƙungiyar, wani saurayi mai suna Ridwan, ya zo da hantsi. Ya leƙa murhun, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon salansar, ya yaba. Sannan ya tsuguna gaban duwatsun, ya shafa na tsakiya, mai tsagi a gefe.

"Baba, ni da dutsen nan mun saba. Shekaranjiya mun gaisa a rumfar mai ƙosai, jiya a wurin mai shayi."

"Duwatsun Zariya duk kama gare su," in ji Ɗanmalam.

"Haka ne. Amma ƙa'idarmu, duk murhun da aka ce an bari, tafiya muke da duwatsun. Can na yi sakaci, yau ba zan yi ba."

Ɗanmalam na tsaye aka sa su a bayan mota. Zubaidatu ta juya baya tana juya masar da ke tanda, kafaɗunta na rawa don dariya.

La'asar na yi sai ga Goggo Raudatu da tukunyarta da garin tuwonta. Ta ji bayani, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Ɗanmalam, ta ce a nan za ta riƙa ci har sai an sama mata inda za ta ɗora tukunya. Ta ci na dare, ta dawo ta ci na safe, ta kushe miyar, ta nemi ƙari.

Ba a kai mako ba Ɗanmalam ya gina mata murhu a gidanta, kyauta, da salansar wata tsohuwar a-kori-kura.

Da Ridwan ya sake zagayowa, ya tabbatar cewa a duk layin Goggo ce kaɗai ta bar duwatsu uku da gaske, saboda haka ita ta cancanci sassaucin. Ya tambaye ta wace rumfa za a rage wa haraji.

"Rumfa kuma, ɗan nan? Ni rabona da sana'a tun ina da haƙora."

Ɗanmalam ya matso ya ce ai Goggo kamar uwa take a wurinsa, ko za a iya maida abin kan rumfar matarsa. Ridwan ya ce zai tambayo ofis. Har yau Ɗanmalam na jiran amsa, duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ya ajiye fankar da ke hannunsa ya leƙa.